Lissafin Rayuka: Shin Ana Wanke Jini da Jini?

Da misalin ƙarfe 8:15 na safiyar 6 ga Agusta, 1945, wani jirgin yaƙin Amurka ya saki bam guda ɗaya tak a kan birnin Hiroshima na ƙasar Japan. Bayan kwana uku aka saki na biyu a Nagasaki. Kafin shekarar ta ƙare, an ƙiyasta mutum kusan 140,000 sun rasu a birni na farko, kimanin 70,000 a na biyu. Ranar 15 ga Agusta Sarkin Japan, Hirohito, ya sanar da jama'arsa ta rediyo cewa an miƙa wuya. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, amma ya bar mana tambayar da har yau ba a gama da ita ba: ya halatta a hallaka bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba, don a tsayar da yaƙi?

Kada mai karatu ya ɗauka zancen na nesa ne. Iyayenmu da kakanninmu da dama sun fafata da sojan Japan a dazukan Bama, kuma ƙarewar yaƙin ce ta buɗe musu hanyar gida. Saboda haka ba za mu yi wa hujjar masu goyon bayan bam ɗin riƙon sakainar kashi ba.

Hujjar tasu lissafi ce. A yaƙin tsibirin Okinawa kaɗai, daga Afrilu zuwa Yuni na 1945, Amurka ta rasa soja sama da 12,000, Japan ta rasa kusan 100,000, ban da dubban farar hula. Suka ce in ƙaramin tsibiri ya ci wannan, ina ga an shiga ƙasar Japan kanta? A 1947 Henry Stimson, wanda shi ne sakataren yaƙi lokacin da aka saki bam ɗin, ya rubuta cewa mamayar za ta iya jawo wa Amurka matattu da raunatattu fiye da miliyan ɗaya. Ban da haka, kowane wata da yaƙin ya ƙara, mutane na ta mutuwa a Sin da sauran ƙasashen da Japan ta danne. Ko bayan Nagasaki ma majalisar yaƙin Japan ta rabu uku da uku, wasu hafsoshi har yunƙurin juyin mulki suka yi don hana miƙa wuya. Duk wannan gaskiya ne, kuma mai adalci ba zai rufe ido a kansa ba.

To, amma a ganinmu lissafin yana da ɓaraka biyu.

Ta farko, wanda duk ya ce dole ce ta sa shi, wajibi ne ya nuna ya ƙwanƙwasa sauran ƙofofi ya tarar da su a kulle. A watan Yuni na 1945 wasu masana kimiyya ƙarƙashin James Franck sun ba da shawarar a fara gwada bam ɗin a wurin da ba kowa, a gaban shaidu. Ba a karɓa ba. Joseph Grew, tsohon jakadan Amurka a Japan, ya ba da shawarar a tabbatar wa Japanawa ba za a rushe sarautarsu ba. Sanarwar Potsdam ta 26 ga Yuli ta fito ba tare da wannan alkawari ba, alhali daga baya an bar Hirohito a kan gado har ya rasu a 1989. Sannan an san Tarayyar Sobiyet na dab da shiga yaƙin, ta kuwa shiga ranar 8 ga Agusta, kuma masana tarihi da yawa na ganin wannan ya girgiza shugabannin Japan ƙwarai. Ba mu ce ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi tabbas za ta yi aiki ba. Abin da muke cewa shi ne ba a jira an gani ba. Hatta Admiral William Leahy, babban hafsan Shugaba Truman, ya rubuta a 1950 cewa bam ɗin bai yi wani taimako na a-zo-a-gani ba.

Ɓaraka ta biyu ta fi zurfi. Mu ƙaddara lissafin daidai ne. Rayukan da aka biya farashin da su, na wane ne? Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a Hiroshima ba haka aka yi ba. Janarorin da suka ja ruwan suna Tokyo. Waɗanda ruwan ya doka sun haɗa da dubban 'yan makaranta masu shekara 12 da 13, da aka fito da su a safiyar nan suna rushe gidaje don yin shingen gobara. Mu da muke tsayawa gaban allo kullum mun san fuskar yaro mai wannan shekaru. Gaskiya ne akwai sansanin soja a birnin, amma a tsakiyar gari aka auna bam ɗin, domin firgicin da mutuwar jama'a za ta haifar shi ne saƙon. Wannan ne ya sa malamar falsafa Elizabeth Anscombe ta tsaya a Jami'ar Oxford a 1956 ta ƙi amincewa a ba Truman digirin girmamawa. A wurinta, kashe marar laifi da gangan don cimma wani buri kisan kai ne, komai kyan burin. Wanda ya kama ɗan maƙwabcinsa ya yanka don uban ya daina faɗa, ko faɗan ya tsaya, ba za mu kira shi mai sulhu ba.

Sa'annan hujja ba ta zama mallakar mai ita. Duk wanda ya ce ya halatta gare shi, ya halatta wa abokin gabarsa ke nan. Sobiyet ta yi nata gwajin a 1949, Ingila a 1952, Faransa kuwa a 1960, nan cikin hamadar Sahara a ƙasar Aljeriya, abin da ya sa Nijeriya ta yanke hulɗa da ita a 1961. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Daga ƙarshe, ba mu zauna a kujerar Truman ba, kuma hukunci daga nesa yana da sauƙi. Amma in muka yarda cewa yawan waɗanda za a ceta na halatta jinin yaro, to ba sauran haramun a yaƙi, sai dai a jira mai lissafi ya kawo adadin da ya isa. Wannan ƙofa ce da bai kamata ɗan Adam ya bar ta a buɗe ba.