Kala ce ko Sata? Kallon Ƙwallo ta Ɓarauniyar Hanya

Ɗan'uwa mai karatu, ka san yadda yammacin Asabar yake a garuruwanmu. Daga Dalijan zuwa Gwandu har Kalgo, da zarar janareto ya tashi a gidan kallo sai samari su cika benci, kowa ya miƙa 'yan nairorinsa a bakin ƙofa domin ya ga Arsenal ko Manchester United. Wanda ba ya son cunkoso kuwa yana can gindin bishiya da wayarsa, abokinsa ya turo masa wani shafin intanet da ke nuna wasan kyauta. Shafin nan bai biya masu haƙƙin wasan ko kwabo ba. Wani ne ya tatso hoton ta ɓarauniyar hanya, yana cin riba daga tallan caca da yake liƙawa a gefe. To, ya kamata hukuma ta hukunta wanda ya zauna ya kalla?

Waɗansu ƙasashe sun riga sun ba da amsa. Italiya ta kafa doka a 2023 wadda ta ɗora wa mai kallo kansa tara, kuma a 2025 an ci tarar fiye da mutum 2,000, mafi ƙaranci Yuro 154 kowanne. A Ingila kuwa masu sayarwa aka fi sa wa ido: a 2023 kotu ta ɗaure mutum biyar da suka yi shekaru suna sayar da wasannin Firimiya na sata ga dubban mutane, shugabansu ya sami shekara 11. Mu ma a Najeriya muna da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023, wadda ta hana fasa makullin da ake tsare irin waɗannan shirye-shirye da shi.

A ganina, hannun hukuma ya tsaya a kan mai tatsowa da mai sayarwa. Dubi girman tazarar. A ƙarshen 2023 gasar Firimiya ta sayar da haƙƙin nuna wasanninta a Birtaniya kaɗai a kan fam biliyan 6.7 na shekara huɗu. A nan gida, tsarin DStv Compact ya kai naira 19,000 a wata a 2025, alhali mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. Manomin gero kuwa ko albashin ba shi da shi. A ce a kai ɗansa kotu saboda minti casa'in da ya kalla a waya? Hukuncin ya fi laifin nauyi. Mai zama a benci ma ya biya kuɗin shigarsa, bai kuma san abin da aka jona a bayan talabijin ba. Sa'an nan dokar da ta mai da rabin samarin gari masu laifi ba ta cika hana laifin ba. Ƙofar cin hanci take buɗewa, domin kowace waya ta zama abin bincike a bakin hanya.

Amma kada ka yi saurin murna, ɗan'uwa, gama ba mu zo nan domin mu san abin da alƙali zai iya yi mana kaɗai ba.

Wata rana bayan sujada na tayar da wannan zance da matasan ikilisiyarmu, sai wani ya ce mini, "Baba, ai kala muke yi. Masu gona sun girbe biliyoyinsu, mu muna tsintar abin da ya zuba." Na yi dariya, domin yaron ya karanta Littafinsa. Gaskiya ne a Littafin Firistoci sura 19 Ubangiji ya umarci mai gona ya bar gefen gonarsa da abin da ya faɗi domin matalauci da baƙo, kuma da wannan tanadi ne Rut ta ciyar da surukarta Na'omi daga gonar Bo'aza. Sai dai ka lura da yadda kalar take. Mai gona ne ya bari. Rut ta nemi izini, ta shiga tun da safe, idon masu girbi a kanta. Abin da ta tsinta kuma hatsi ne, maganin yunwa. A zancenmu babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba wanda ya bar kome. Wani ne ya karya shinge da dare, kuma ba domin tausayinka ba. Ba a taɓa jin wanda ya kwanta asibiti don bai ga wasan Chelsea ba, ko da yake na ga waɗanda suka ƙi cin tuwo don sun gani.

Abin ya fi kama da akuyar da aka kawo maka da magariba a kan rubu'in kuɗinta. Ba kai ka kwance ta ba, amma ka san dalilin arahar, kuma kuɗinka ne zai sa a kwance ta maƙwabcinka gobe. Na yarda akwai bambanci: wanda aka sace wa akuya ya rasa ta, kamfanin kuwa wasansa yana nan. Wannan ya rage nauyin laifin, shi ya sa ban nemi a ɗaure kowa ba. Bai mai da shi kala ba. Dokar kala ma a wuyan mai gona take, kuma kamfanin da ke ƙara farashi ba tare da duban talaka ba yana da tasa amsar da zai bayar a gaban Allah. Ba kai aka naɗa ka karɓi bashin ba.

Manzo Bulus, a Romawa sura 13, ya ba da dalili biyu na yin biyayya: tsoron hukunci, da kuma lamiri. Idan aka cire na farko, na biyu yana nan daram. Ka tuna da Zakka a Luka sura 19: mulkin Roma bai tuhume shi da kome ba, amma da Yesu ya shiga gidansa, da bakinsa ya yi alkawarin mayarwa ninki huɗu.

Na ce wa matasan nan su ƙirga kansu. Idan mutum goma sha tara suka kawo naira dubu ɗaya kowa, kuɗin wata ya cika a farashin 2025. Su kalla a gidan ɗaya daga cikinsu, ba kuɗin shiga, ba tallan caca a gefen fuska. Wanda ya fi son gidan kallo kuma ya tambayi mai gidan ko rajistarsa ta kasuwanci ce. Suka ce saura man janareto. Na ce su bar mini wannan, muddin wasan bai faɗa kan lokacin sujadar yamma ba.