Wane Iri Za Ka Bari?

Ya ɗan'uwa, tsofaffinmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Ruwa ya ɗauke, dabbobi suka mutu, rumbuna suka zama wofi. Wani manomi, da yunwa ta matsa masa, sai ya daka irinsa ya ci. Wani kuwa ya daure, ya ɓoye 'yan zangarniyar hatsi a tukunya. Da damana ta komo, shi ne ya sami abin shukawa, har ya sam wa maƙwabta.

Kai ma manomi ne, kwanakinka kuwa ƙidayayyu ne. Zabura 90 ta tuna mana cewa shekarun mutum 70 ne, mai ƙarfi ya kai 80. Da yawa ba su kai haka ba. A cikin Luka 12 Yesu ya ba da misalin wani mai arziki wanda ya shirya rushe rumbunansa don ya gina manya. A daren nan Allah ya karɓi ransa.

To, ran da aka kai ka kabari, me zai ragu a gidanka? Gona za a raba ta, rabon kowa ya ƙanƙance. Tumaki za a sayar. Amma akwai gādon da rabo ba ya rage shi. Wata tsohuwa mai suna Loyis tana da sahihiyar bangaskiya. 'Yarta Afiniki ta ɗauka, jikanta Timoti kuma ya zama abokin aikin manzo Bulus. Ba a faɗa mana ko tana da dukiya ba, amma har yau ana karanta sunanta.

'Ya'yanka suna kallonka. Sun san ko mudunka na gaskiya ne. Sun san ko ka gafarta wa ɗan'uwanka a kan iyakar gona. Da dare, bayan tuwo, ka tara su, ka karanta musu Maganar Allah, ku yi addu'a tare. In ba ka iya karatu ba, bari yaronka ya karanta, kai ka saurara.

Sai dai ba mai ba da irin da ba shi da shi. Kai kanka, ka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, wanda ya mutu domin zunubanka, ya kuma tashi? Kada ka ce sai bayan kaka. Ka roƙe shi yau.