Masu Fiyano, Ku Saki Kafaɗa

Ga tela da ya wuni kan keke, ga makanike da baƙin mai bai gama fita daga farcensa ba, ga malamin firamare da alli ya busar masa da tafi. Da dare su ne za ka tarar gaban fiyano, wani a situdiyo a Kano yana ɗora kiɗa kan waƙar biki, wani a majami'a a Jos ko Kafanchan yana shirin Lahadi. Da ku nake. Na sha jin kuna cewa hannunku ya riga ya sandare, sikel sai wanda ya fara tun yana yaro. Ban yarda ba. Abin da ke sa do-re-mi ɗinku tuntuɓe ba tsufa ba ne, ba kuma kanta ba ce. Ƙarfi ne ya yi yawa, aka kuma ɗora shi inda bai dace ba.

Ku dafa sangalin hannunku na dama da hannun hagu, sannan ku motsa yatsu. Kun ji naman yana motsi can kusa da gwiwar hannu? Yawancin ƙarfin da ke lanƙwasa yatsa daga nan yake tasowa, jijiyoyi ne ke ratsa wuyan hannu su kai shi. In ka ƙanƙame wuyan hannu, ka toshe hanya ke nan. In ka ɗage kafaɗa har kunne, ka ƙara wa kanka kaya. Saboda haka gyaran farko ba a kan yatsa yake ba, a kan kujera yake. Zauna ta yadda sangalin hannu zai yi daidai da saman maɓallai, ƙafa a ƙasa, kafaɗa a sake. Da yawa suna kiɗa a kan benci mai gajarta ko kujerar roba da ta lotsa, sannan su ce Allah bai ba su baiwa ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Yatsu biyar gare ka, sikel kuwa sauti takwas ne, dole babban yatsa ya kutsa ta ƙarƙashi. A hannun dama, in ka fara daga C, lissafin shi ne 1-2-3, sai 1-2-3-4-5. Tsakanin mi da fa ake faɗuwa. Ka saurari mai koyo: do, re, mi, sai ɗan shiru, sai fa ta faɗo da ƙarfi, gwiwar hannu ta yi tsalle waje. Dalili shi ne ya bar babban yatsa yana barci har sai da lokacinsa ya yi. Da zarar manuniya ta taɓa re, babban yatsa ya kama hanya, a hankali, ƙarƙashin tafi. Kafin na tsakiya ya gama da mi, ya riga ya iso bakin fa yana jira. Kuma ba da cikinsa zai danna ba, da gefen bakinsa, dab da farce. Duk wannan yana faruwa ne hannu gaba ɗaya na tafiya dama sannu sannu, ba tsayawa, ba fizga. Tela ya fi kowa sanin wannan: ba ka jan yadi da tsiya, rakiya kake masa, allura na aikinta. Hannu ya kai yatsa ƙofar maɓalli, yatsa ya sauka kawai.

Kuma wa ya ce lallai sai da C za a fara? Chopin, ɗan Poland da ya yi zamansa a Paris, yakan fara wa ɗalibansa da B, mai baƙaƙen maɓallai biyar. Dogayen yatsu suna hawa baƙaƙe, babban yatsa ya sauka kan farare biyu, B da E, sai ya sami fili a ƙarƙashi ya wuce ba gardama. C da muke ɗauka mai sauƙi don duk fari ne, a wurin Chopin ita ce mai wuya. Ku gwada B yau, za ku ji hannu ya zauna da kansa. Wannan kuma zai raba ku da wata ɗabi'a da ta yi mana katutu: mutum ya iya murya ɗaya tak, duk waƙar da aka kawo sai ya lallaɓa maɓallin sauya murya na Yamaha ko Casio. Ranar da mawaƙiya ta ɗaga murya a tsakiyar waƙa, ido zai raina fata.

Kada kuma zumuɗi ya kai ku ga azabtar da hannu. Leon Fleisher, gwanin fiyano na Amurka, yana da shekara 36 a 1964 yatsu biyu na hannunsa na dama suka fara naɗewa cikin tafi, ya shafe kusan shekara talatin yana kiɗa da hagu kaɗai. Ku da hannun nan kuke ci da iyali. In ya fara zafi ko tsami, a tsaya. Ciwo ba alamar ci gaba ba ne.

Ba a neman sa'o'i a wurinku, na san ba ku da su. Minti goma sha biyar ya isa, in da hankali aka yi. Ka sa na'urar ƙidayar bugu da ke cikin fiyanon a kan 60, sauti ɗaya kowane bugu, hannu ɗaya tukuna. Rufe ido ka saurara: in kunnenka na iya gane inda babban yatsa ya shiga, da sauran aiki. Ranar da ya kasa ganewa, ƙara gudu kaɗan. In an ɗauke wuta, murfin tebur ma ya isa a koya wa babban yatsa hanyarsa.

Hannun da ya koyi zare zip ba tare da yaga riga ba, ya koyi ɗaure noti a inda ido ba ya gani, ba sauti takwas ne za su gagare shi ba. Daren yau, kafin ku taɓa kowace waƙa, ku gyara kujera, ku sauke kafaɗa, ku fara da B.