Amanar Tafinta a Tsakanin Rumbunan Bayanai

Shin wanda ya ɗauki nauyin sauƙaƙa wa jama'a aiki yana da ikon sauya tsarinsa daga baya? Tambayar ta taso a kan SQLAlchemy, manhajar da Michael Bayer ya fitar a 2006 domin masu aiki da Python su yi magana da rumbunan bayanai irin su PostgreSQL, Oracle da SQLite da harshe guda. Aikinta na tafinta ne, kuma tafinta isar da magana ce amanarsa, halin mai sauraro ba ya hannunsa. Oracle yana ɗaukar rubutun da ba shi da ko harafi ɗaya tamkar ba a saka komai ba, PostgreSQL kuwa yana bambanta su. SQLite zai karɓi suna mai haruffa 50 a gurbin da aka ware wa 20, PostgreSQL ya ƙi. Wanda ya gwada aikinsa a kan rumbu ɗaya, ya kai shi wani ya rushe, ba a yaudare shi ba. Bambancin da ma yana nan, tafinta mai gaskiya kuma ba zai ɓoye shi ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na sabuntawa. Da fitowar sigar 1.4 a 2021, manhajar ta daina karɓar adireshin rumbu da ya fara da "postgres", sai "postgresql", ayyuka da dama a dandalin Heroku suka tsaya cak. Wani zai ce alkawari kaya ne, abin da ya yi aiki jiya bai kamata ya ƙi yau ba. Maganar tana da ƙarfi, musamman ga mai aiki shi kaɗai. Sai dai riƙe tsohon kuskure har abada ma cin amana ne ga masu zuwa. A da, manhajar kan yi hasashen lokacin da za ta tabbatar da ajiya da kanta, hasashe kuwa a kan bayanan mutane ganganci ne. An cire wannan a sigar 2.0 cikin Janairun 2023, bayan kusan shekara biyu 1.4 tana gargaɗi a kan layukan da za su karye ga wanda ya kunna gargaɗin.

Saboda haka haƙƙin na ɓangare biyu ne. Mai manhaja ya sanar tun da wuri, ya ba da wa'adi. Mai amfani ya karanta gargaɗin, ya yi gwaji a kan ainihin rumbun da zai yi aiki da shi. Wanda ya sauya bayan ya sanar ya sauke nauyinsa.