TAWAKKALI BA SHI NE ZAMA A KAN HANYAR RUWA BA

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan'uwa, damina ta kankama, Agusta na tafe. Wanda ya san Auyo, Miga, Kafin Hausa, Guri da Kirikasamma ya san abin da wannan wata yake zuwa da shi. Idan madatsun Tiga da Challawa suka cika a jihar Kano, ruwan kogin Haɗejiya yake biyowa. Ga kachalla ta toshe hanyoyinsa, sai ya fantsama cikin gonakin shinkafa, daga nan ya shigo gari. Gidan ƙasa kuwa in ya kwana biyu a jiƙe, ba ya sallama kafin ya faɗi. Mun gani a 2020, mun sake gani a 2022.

Kwanan baya na ce wa wani dattijo ya kwashe iyalinsa da hatsinsa zuwa tudu kafin ruwa ya iso. Sai ya ce min: "Malam, abin da Allah Ya rubuta ba makawa." Na ce: "Baba, gaskiya ne, amma wa ya nuna maka abin da aka rubuta?"

Wannan shubuhar ba sabuwa ba ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya nufi Sham, da ya kai Sarg aka gaya masa annoba ta ɓarke. Ya yi shawara da Sahabbai, ya juya da mutane. Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Sai Umar ya buga masa misali da mai raƙuma a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa, ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai su kiwo, da ƙaddarar Allah ya kai su. To, hawa tudu ma ƙaddara ce, kuma ita Shari'a ta neme ka da ita.

Annabi Nuhu (AS) tun ƙasa na bushe ya sassaƙa jirgi, ana yi masa dariya. Annabi Yusuf (AS) shekara bakwai yana tara hatsi saboda fari. Wa ya kai su tawakkali?

Don haka:

1. A fito aikin gayya tun yanzu, a ɗaga jinga, a tanadi buhunan yashi, a yashe magudanai.
2. Idan NiMet ko hukumar SEMA suka yi gargaɗi, limamai mu faɗa a huɗuba, masu unguwa su sa a yi shela.
3. Kada a kwana a ɗakin da gindinsa ya jiƙe, musamman yara da tsofaffi.
4. Mai kwalekwale, ka ji tsoron Allah. Ka ɗauki mutum talatin a jirgin mutum goma, in suka nutse kada ka ce ƙaddara.
5. Shugabannin ƙananan hukumomi, kuɗin jinga amana ne. Rabon taliya bayan an binne mutane ba zai wanke ku gobe ƙiyama ba.

Sai kuma masu saurin cewa zunubin mutanen garin ne ya jawo. Ku kama bakinku! Ya tabbata a hadisi cewa wanda ya nutse a ruwa da wanda gini ya danne suna cikin shahidai. Istigfari wajibinmu ne duka, amma ka fara da kanka, sannan ka buɗe wa wanda ya rasa gida zaurenka.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da sharrinta. Mai ɗan'uwa a waɗannan garuruwa ya kira shi yau.

Wallahu a'alam.