Jarumi da Maƙerin Wuƙarsa

Kowane yaro a ƙasar Daura ya san labarin rijiyar Kusugu. An ce maciji ya tare ta, ba a ɗiban ruwa sai ran Juma'a, har Bayajida ya sauka garin da dare ya sare kansa. In ana ba da labarin nan, mutum guda ake yabo. Amma wanda ya natsu zai ga akwai waɗansu hannuwa cikin aikin. Maƙeran Gaya su suka ƙera wuƙar. Tsohuwar da ya sauka gidanta, Ayana, ita ta ba shi guga, ta kuma gaya masa gaskiyar abin da ke cikin rijiyar. Da babu waɗannan, da jaruntakarsa ba ta shayar da kowa ba.

Zamani ya sake kawo wannan magana da sabuwar riga. Yau a ƙasashe da yawa 'yan makaranta kan haɗu su ƙera mutum-mutumi, watau na'ura mai tafiya da ɗaukar kaya bisa umurnin da aka rubuta mata a kwamfuta, sa'an nan su kai ta gasa. Daura kuwa ba ta nesa da wannan sha'ani, gama a 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin, a ƙarshen shekarar kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri. Saboda haka ya kamata iyaye su tambaya: me ke sa ƙungiyar ɗalibai ta yi nasara a irin wannan gasa?

Wani zai ce kayan aiki ne, mai kuɗi shi zai ci. To, a watan Yuli na 2017 aka fara wata gasa mai suna FIRST Global a birnin Washington na Amurka, ƙasashe fiye da 150 suka aika da yaransu. Kowace ƙungiya kaya iri ɗaya aka aika mata. Aikin da aka ba na'urorin shi ne su rarrabe ƙwallaye shuɗɗa, misalin ruwa mai kyau, da masu ruwan goro, misalin gurɓataccen ruwa. Tun da kaya ɗaya ne, lalle bambancin yana wajen masu haɗa su.

Wani kuma zai ce a sami haziƙi guda, ya isa. Wannan ma bai tsaya ba. Aikin kashi-kashi ne: akwai mai haɗa ƙarafa, da mai jan wayoyin lantarki, da mai rubuta umurni, da mai tuƙi ran gasa. Bugu da ƙari, a fili akan haɗa ƙungiyoyi uku na ƙasashe dabam-dabam su zama ɓangare guda. Haziƙin da bai iya zama da mutane ba, hazaƙarsa ta zame masa kaya.

A wannan gasa akwai 'yan mata shida daga Herat ta ƙasar Afganistan. Sau biyu aka hana su takardar shiga Amurka, kayansu kuma suka makara, mako biyu kaɗai suka samu na haɗa na'urarsu. Ba su zo na ɗaya ba, amma an ba su lambar azurfa ta jaruntaka. A 2020, da annobar korona ta zo, 'yan ƙungiyar suka harhaɗa samfurin na'urar taimakon numfashi da kayan tsohuwar mota. Ashe abin da suka koya ya fi lambar daɗewa.

To, me ya rage? Hali. Na'ura ba ta jin kunyar kowa. In noti ɗaya ya kwance, ko waya ɗaya ta tsinke, za ta tsaya cik gaban jama'a, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Ƙungiyar da ke nasara ita ce wadda mai kuskure ke faɗin kuskurensa tun da wuri, ƙarami kuma in ya hangi ɓarna a aikin babba zai iya buɗe baki.

Nan ne maganar ta yi nauyi ga Bahaushe. An tarbiyyantar da yaro kada ya musa wa na gaba da shi, wannan kuwa tarbiyya ce mai kyau. Amma shin ladabi ne ƙane ya ga wansa ya juya waya, ya yi shiru har na'ura ta ƙone? Ba ladabi ba ne, cin amana ne da rigar kunya. Ladabi yana cikin yadda aka faɗi magana: a keɓe, da murya ƙasa-ƙasa, ba da nufin tozartawa ba. Babba kuma ya tuna gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ayana tsohuwa ce talaka, baƙonta ɗan sarki ne, duk da haka ta gaya masa gaskiya, shi kuma ya saurara.

Saura abu guda. An ce da gari ya waye mutane da yawa suka yi da'awar su suka kashe macijin, har Sarauniya Daurama ta nemi a kawo kan. Son yabo shi ke raba abokan aiki, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗalibin da ya ce "ni na yi" bana, baɗi shi kaɗai zai yi.

Uban da bai taɓa taɓa kwamfuta ba yana iya koya wa ɗansa waɗannan duka. Wanda ya je gayya ya noma kunyarsa sosai ko da ba a duba, ya ɗaga gefensa na jinka, ya amsa laifinsa ba tare da an tsananta ba, ya riga ya ba ɗansa rabin abin da ake cin gasa da shi. Sauran rabin malamai za su koya masa.