KWATAR GIDANKA, ALHAKIN WA?



Jiya da asuba ina hanyar masallaci, wani dattijo a gabana ya zame a ruwan kwatar wani gida. Alhamdu lillahi bai karye ba, amma rigarsa ta ɓaci da najasa, dole ya koma gida. Jam'i ya wuce shi.

Da hantsi na yi sallama a gidan. Ɗan haya ya ce aikin mai gida ne. Mai gida ya ce ai ba shi ke wanka a ciki ba. Ƙarshe duk suka ɗora wa gwamnati.

To, mu rarrabe. Bututun da ya fashe don tsufa, ko shaddar da ta rufta, gyaran mai gida ne, tunda yana karɓar kuɗin haya. Kwatar da leda da sauran tuwo suka toshe, wanda ya zuba shi zai yashe. Ta lungu kuwa, duk gidan da ruwansa ke bi ta nan yana da kaso. Babban lambatu shi ne na hukuma.

Ɗan uwa, ya inganta a hadisi cewa gusar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce. To ina ga wanda ya sa shi? Sauron da ya ƙyanƙyashe a kwatarka, ɗan maƙwabcinka zai ciza. Wallahi haƙƙi ne, kuma istigfari kaɗai ba ya sauke haƙƙin bawa.

Kafin damina ta kankama, ɗauki shebur.

Allah Ya sa mu dace.